Takardar da na sa wa hannu ban karanta ba

Ƙannena, ina ɗan shekara 23 kaya suka ɓata a inda nake aiki, aka kwashe mu mu huɗu. Kwana biyu ba barci, ba lauya, ga mari jefi-jefi. A dare na biyu wani jami'i ya kwantar da murya ya ce, "Sa hannu kawai ka tafi gida." Shi ya rubuta bayanin da kansa. Na sa hannu ban karanta ba. Gidan kuwa ban gan shi ba.

Wannan na yafe wa kaina, wuya ce ta sa. Kuskuren da har yau yake ci mini rai shi ne na biyu. Da aka samo mini lauya, kunya ta hana ni gaya masa yadda aka karɓi bayanin, wai namiji ba ya cewa an mare shi ya yi kuka. Ranar da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, alƙali ya tambayi lauyana ko yana da suka, ya ce babu. Aka karɓe ta hujja. Da na zo kare kaina na ce tilasta mini aka yi, sai aka ce, me ya hana ka faɗa tun farko?

Ashe lokacin miƙa takardar ne ake tayar da magana. A kotuna da yawa alƙali yakan dakatar da shari'ar, ya yi zama na musamman don gano ko da yardarka ka yi iƙirarin, kuma masu ƙara ne za su tabbatar da hakan, ba kai ba. Sashe na 15 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 kan azabtarwa ya hana kafa hujja da furucin da azaba ta fitar. Tun 1936 ma Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin kisa a kan wasu baƙaƙen fata uku na jihar Misisipi da aka zane da bulala har suka amsa laifi.

Don haka in an kama ku, ku ce ba za ku yi bayani ba sai da lauya. In kuma an riga an karya ku, ku zayyana wa lauyan komai a zaman farko: wane ne, da wane lokaci, da me, kuma ku nemi likita ya duba ku kafin tabo ya baje. Ni sawun igiyar da ke wuyan hannuna ya ɓace a mako uku, ba wanda ya gan shi sai ni.