Abin da wasa haƙoran kabayid ya koya min

Ranar da aka fara ba ni zarton inji mai haƙoran kabayid in wasa, wallahi ɗauka na yi kamar gatari ne, ka danna a dutse tartsatsi ya tashi shikenan. Na danna shi a dutsen nan mai ruwan toka da muke wasa ƙarfe da shi, dutsen yana ta cinyewa haƙori ko gezau, sai dai zafi. Maigidana ne ya tsai da ni ya ce wannan dutsen ba ya cin kabayid, ɗauko koren can ko na daimon. Daga baya na gane dalili, abin ba ƙarfe ba ne irin wanda muka saba, garin tangstin kabayid ne aka haɗa da wani ƙarfe mai suna kobalt aka matse aka gasa, taurinsa ya kai wajen 9 a ma'aunin tauri da ake kira Mohs, daimon kuma 10. Koren dutse yana ci amma yakan bar bakin da ɗan kaushi, na daimon ya fi fitar da kaifi.

To amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zafi. Na saba in ƙarfe ya ɗau zafi sai in tsoma shi a ruwa, haka na yi wa wani haƙori, ya yi cuu, na duba ban ga komai ba na mayar, washegari ana cikin yankan katako bakinsa ya ɓalle ya yi tsalle, Allah ne ya kiyaye babu kowa a gefen. Ashe tsagewa yake yi ta ciki wadda ido ba ya gani. Kabayid akwai tauri amma yana da saurin karyewa, shi ya sa yanzu ko dai ruwa ya riƙa zuba tun daga farko ba yankewa, ko in bar shi ya huce da kansa, kuma ba na danna hannu, taɓawa kaɗan-kaɗan nake yi.

Ina shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a fuskar haƙori kafin in taɓa shi, in tawadar ta goge gaba ɗaya to na hau kusurwar da ya zo da ita, in gefe ɗaya ne ya goge sai in gyara. Kowane haƙori adadin taɓawa ɗaya nake masa, don in ɗaya ya fi tsawo shi kaɗai zai riƙa cin katako har ya karye. Dutsen daimon kuma ba na kai shi kan ƙarfen da ke bayan haƙori, ƙarfe yana cinye shi da wuri.

Sai ƙurar. Da ban ɗauke ta a bakin komai ba tunda ba ta da yawa a ido, alhali kobalt ɗin da ke cikinta yana illa ga huhu sosai, irin illar da ba ta nunawa sai an daɗe. Yanzu duk yaron da zai koyi washi a hannuna, takunkumi da gilashin ido nake fara miƙa masa kafin ya kunna inji.