Sigina mai hannu da wayar da ke janta

Wanda ya tashi a gefen titin jirgi a Agege ko Ebute Metta ya san tsohon layin dogo da ya taso daga Iddo, wanda ya kai Ibadan a 1901. Irin siginar da Turawa suka kawo masa ita ce mai hannu: dogon turke, a samansa allon ƙarfe ja mai farin layi. Har yau tana aiki a Ingila, a layin da ya bi gaɓar teku daga Barrow zuwa Carlisle, inda a wasu wuraren jirgi ke tafiya ruwa na dukan bangon da ke ƙarƙashinsa.

Karatunta ba wuya. Hannu ya miƙe a kwance, direba ya tsaya. Ya karkata kamar digiri 45, ko sama ko ƙasa, hanya ta buɗe. Hannu ruwan ɗorawa mai baki kamar wutsiyar kifi kuwa, in yana kwance, gargaɗi ne: rage gudu, siginar gaba a rufe take. A da, da dare fitilar kananzir ke bayan gilasai biyu, na tsayawa da na wucewa. Gilashin wucewa shuɗi-shuɗi ake yinsa, don harshen wuta rawaya ne, sai sun haɗu ido ke ganin kore.

Amma aikin duk yana ga waya. Daga liba, wato sandar ƙarfen da ake ja a ɗakin sigina, take bin ƙananan tayoyi a kan turaku har gindin turken, inda aka rataya ƙarfe mai nauyi. Waya ta tsinke, nauyin ya maida hannu kwance. Gara jirgi ya tsaya a banza da ya wuce a kuskure.

Zafi ne babban abokin gabarta. Wayar kilomita 1 tana ƙara kusan santimita 12 in zafi ya hau da digiri 10. Da rana sai ta saki, a ja liba hannu ya ɗan motsa ya tsaya tsaka-tsaki, direba kuma dole ya ɗauke shi a matsayin tsayawa. Da asuba ta ɗaure, hannun ya ƙi komawa daidai, wannan ya fi haɗari. Shi ya sa mai sigina ke da abin ɗaure waya da sassauta ta a kusa da shi.

A bakin ruwa kuma ga gishiri. Tsatsa na cin tayoyin, su cije, wayar ta riƙa gogawa har ta sille. Maganin dai man giris ne a kai a kai, da sare ciyawar da ke nannaɗe wayar in damina ta kankama.