Baƙuntata a Birnin Kebbi da majalisar masu gardamar fim

Mu mutanen Dogondutsi ta Nijar ba mu cika ɗaukar Kebbi a matsayin ƙasar waje ba. Arawan Kangiwa da na Matankari dangi ne, aure ya haɗa, kasuwa ta haɗa, Hausar ma kusan ɗaya ce. Shi ya sa da kawuna ya kira ni in zo in kama masa ɗinki a Birnin Kebbi, a farkon 2023, ban yi shirin mai barin ƙasa ba. Sai na faɗo daidai lokacin da aka canza takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, mai shayi ma cewa yake a tura masa ta waya. Ni kuwa ba asusun banki, ga sefa a aljihu, ga kan da ya saba lissafin sefa da dala da jika. Takardar asibiti da rasiɗin haya duk da Ingilishi suke, abin da na ɗan tsinta a lakwal, wato makarantar boko, kuwa Faransanci ne.

Waɗannan duk sun zo sun wuce. Abin da ya daɗe yana cina shi ne karamcin mutane. A ba ka tabarma, a ba ka ruwa, ka faɗi magana a ce "haka ne, baƙonmu", ko da shirme ka faɗa. Ba wanda ke musa maka, domin ba a ɗauke ka ɗan gida ba tukuna.

Kusa da shagonmu akwai wani saurayi mai cajin waya da tura fina-finai. Ka ba shi waya ko memori da 'yan canji, ya cika maka da fassarar Indiya, da na Kano, da na Turkiyya. Bayan isha'i yakan fito da talabijin bakin ƙofa, a jera benci biyu. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na shekarar, janareto ya gagare shi, ya koma sola da batir, kallon ya ragu, surutun ya ƙaru. Masu zaman dindindin su ne wani malamin sakandare, da wani direban Argungu, da wani dattijo mai gadi da kowa ke ce wa Baba, sai samari masu zuwa da tafiya. Ni can ƙarshen benci nake zama da aikin hannu, ina datse zare ko sa maɓalli, ina saurare.

A kan barkwanci suka fi rabuwa. Baba ya tsaya kai da fata cewa tun da Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014 dariya ta yi ƙaura. Hujjarsa ita ce Ibro kan ɗauki mutum guda, ɗan ƙauye ko mai gadi ko boka, ya zauna cikinsa har ka ga wani maƙwabcinka. Samarin su ce zamanin zama awa biyu don dariya uku ya wuce, yanzu a TikTok minti ɗaya ya isa. Malam kuma yana tsakiya, yana cewa na yanzu sun fi kaifin baki amma ba su da labari, ihu ne da zagi da faɗuwa ƙasa. A raina da Baba nake, ko da yake na lura in an miƙo masa wayar shi ne ke fara ƙyaƙyatawa.

Ranar da bakina ya buɗe, Dangal aka sa, fim ɗin Aamir Khan na 2016 a kan Mahavir Singh Phogat da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa. Direban ya ce ai kokawa ba wani abu ba ce, ƙarfi ne kawai, dambe ne wasan maza, ya kawo zancen Shago da kirarin da Ɗan Anace ya yi masa. Ban san lokacin da na ajiye almakashi ba. Na ce masa a Nijar kokawa ce sarauniyar wasanni, tun 1975 ake gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi, jihohi takwas kowace da 'yan kokawarta, gari ya tsaya cik, kowa kunne a rediyo. Na lissafa masa Kantu na Maraɗi, da Salma Ɗan Rani, da Isaka Isaka namu na jihar Doso da ya ɗauki takobi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na tashi na nuna masa yadda ake shiga ƙarƙashin mutum a ɗauke masa ƙafa, ƙaramin ƙato ya kayar da babba.

"Kai ɗan Faransa, ashe kana da baki?" in ji shi. "To zauna in gaya maka, ƙarya kake."

Wallahi daɗin wannan "ƙarya kake" ya fi mini duk "sannu baƙo" da aka yi mini a baya. Baba ya matsa ya ce, "Taho nan tsakiya, ɗana, ka ba shi amsa."

Malam ne ya ɓata wa kowa daɗin ƙarshen fim ɗin. Ya ce gaskiya ne Geeta, 'yar Mahavir, ta ci zinare a gasar Commonwealth ta 2010 a Delhi, amma ba wanda ya kulle ubanta a ɗaki ranar wasan ƙarshe, kuma ba da ƙyar ta ci ba, a saukake ta lallasa 'yar Ostareliya. Nan aka buɗe gardamar da har yau ba a rufe ba: in za ka yi fim a kan rayuwar mutum, kana da izinin ƙara gishiri? Samarin suka ce in ba gishiri wa zai kalla. Ni na ce a ƙara a kan abin da bai taɓa mutuncin kowa ba, amma mayar da mai horarwa mugu don a ɗaga uba zalunci ne, mutumin yana da iyali.

Wannan ya ja ni na nemo musu Sarraounia, fim ɗin Med Hondo na 1986 da ya ci babbar kyautar Fespaco, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, nan ƙasarmu ta Arewa, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta bi garuruwa tana ƙonawa har ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Ni na riƙa fassara musu Faransancin. Na san za a yi rigima, domin fim ɗin ya ɗaga azna, masu addinin gargajiya, bai kuma yi wa sarakunan Musulmi na kewayenta da daɗi ba, ga shi a ƙasar Gwandu muke zaune. Aka kuwa yi. Baba ya ce jarumtarta ba musu, amma wanda ya shirya ya ɗauki ɓangare. Malam ya ce kowane mai ba da tarihi da ɓangarensa, abin kunyar shi ne a Burkina aka ɗauki fim ɗin, jarumar ma Aï Keïta 'yar can ce, mu masu labarin muna zaune. Direban ya ce to da Kanta, sarkin da ya kafa daular Kebbi, ya kamata a fara, ga ganuwar birninsa Surame nan ba sai an gina komai ba.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke tashi daga nan Birnin Kebbi zuwa Yamai. Hanyar gida ta toshe, aika wa tsohuwata kuɗi ya zama aiki, ga naira na ta zubewa a gaban sefa. A watannin nan ba wanda ya taɓa jifana da maganar siyasa a bencin. Direban nan mai ce mini ɗan Faransa shi ya samo wanda ke kai saƙo ta wajen Kamba, bai karɓi ko sisi ba, sai dai ya ce ladansa in yarda dambe ya fi kokawa. Ban yarda ba.

Yanzu ina da asusun banki, ina lissafi da naira ba tare da na juya ta a kai ba, na kuma kama ɗaki nawa. Rigimar da ke gabanmu a majalisa ita ce wane ɗan wasa ya cancanci a yi fim a kansa. Su sun kafe a kan Kanu da ƙwallayensa biyu a ragar Brazil a Atlanta 1996. Ni na tsayar da Alfaga, mai azurfar taekwondo a Rio 2016. Malam ya ce a jefa ƙuri'a ranar Juma'a, kuma na riga na yi wa samari biyu alkawarin gyaran wando kyauta.