Siririn layin da tawada ta cinye

Ƙannena masu zanen kati da bangon mujalla, bari in ba ku labarin asarar da na jawo wa kaina a shekarata ta biyu da fara wannan sana'a a Abuja.

Wata Hajiya ce ta kawo aikin katin auren 'yarta, guda 500, ta ce tana son na kece raini. Ni kuwa lokacin wani zubin haruffa mai suna Bodoni ya shiga raina. Duk wanda ya san shi ya san dalili: sandar harafi kakkaura, kusa da ita layi siriri kamar silin gashi, ƙafafun a miƙe sambal. Giambattista Bodoni ne ya sassaƙa shi a Parma ta Italiya a ƙarshen ƙarni na 18, daidai lokacin da Firmin Didot ke yin irinsa a Paris. Irin wannan zubi ne a goshin mujallar Vogue, kuma har gobe ina ganin babu kamarsa wajen kwarjini.

Sai na zuba shi ko'ina. Sunayen ango da amarya, adireshi, lokaci, lambar waya, duk da shi, ƙanana a girman lamba 8, farin rubutu a kan shuɗi mai duhu. A manhajar zane ta CorelDraw na zuƙo shi ya cika fuskar kwamfuta, na ga ya yi ɗas. Ban buga gwaji ba, na kai wa masu injin bugu a Area 10.

Da aka sauke katin daga inji, gabana ya faɗi. Shuɗin nan tawada kala uku ce aka ɗora ɗaya kan ɗaya, kowacce tana ɗan bazuwa, kuma ba sa zama daidai wa daida. Kakkauran layi ya jure, siririn kuwa an haɗiye shi. Harafin e ya koma c, 3 da 8 sai ka ƙura ido. Ga kuma babban abin kunya a saman kati: zubin da na sauko da shi ba shi da Ɗ, sai kwamfuta ta aro daga wani zubin, "Ɗaurin Aure" ya fito da baƙon harafi a gaba.

Hajiya ta ɗaga katin, ta gyara tabarau, ta ce, "Ɗana, ƙarfe nawa ka rubuta nan?" Daga aljihuna aka sake bugawa.

Don haka ku bar wa Bodoni da Didot da Playfair Display manyan kanu, inda siririn layin zai sami sarari ya fito. Ƙananan bayanai ku ba Charis SIL ko Noto Serif, kaurinsu bai yi nisa da juna ba, kuma suna da haruffanmu masu lanƙwasa. Kowane zubi kuka ɗauko, ku fara rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu kafin ku sa masa rai.

Ni yanzu kwafi ɗaya nake fara bugawa a kan ainihin takardar aikin, in miƙa wa dattijon da ke gadin shagonmu ya karanta mini lokaci da lambar waya.