Yadda na gano abin da ke sa Golf ɗina tafasa a kan babban titi

Golf 3 gare ni, mai injin 1.8, irin waɗanda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1990 amma har gobe su ne ke jigilar jama'a tsakanin Kano da Zariya da Katsina. A cikin gari ba ta da laifi. Ko an shiga cunkoson Kantin Kwari da tsakar rana, allurar zafi tana zaune a kan 90. Amma da na hau hanyar Zariya na taka ta ta wuce kilomita 100 a awa, kafin in kai Kwanar Dangora allura ta fara hawa, in ban sassauta ba sai in ji gorar ruwa tana ɓararraka. Bazarar nan kuwa, da zafin Afrilu yake haura digiri 40, abin ya kai ga ba na tafiya sai da jarka a but.

Garejin da na fara kai ta, maganin da aka yi mata shi ne wanda kusan kowa ya sani: aka cire tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya ɗau zafi, aka jefar, rewaya ya haɗa fanka kai-tsaye, da an murza makulli sai ta kama juyi. Aka ce mini tamostat na ƙasar sanyi ne. Wannan magana ta daɗe tana cutar motocinmu, kuma ina jin takaicinta. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat ɗin wannan mota kuma yana fara buɗewa ne a kusan 87. In babu shi, injin yakan daɗe bai ɗau zafi ba da safe, ya sha mai, ya ci kansa. A injuna da yawa ma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin injin, in aka cire shi sai wani ɓangare na ruwan zafi ya riƙa kewayawa bai leƙa lagireto ba. Motar dai ta ci gaba da tafasa a inda ta saba.

Wani dattijon bakanike ne, wanda ya fara sana'a tun zamanin fijo 504, ya sa ni a hanya. Bai taɓa sifana ba sai da ya yi mini tambaya.

"Malam, yaushe take zafin? A tsaye ko a guje?"

Na ce, "A guje, Baba. A tsaye ko awa za ta yi ba ta motsi."

Ya ce, "To ku ƙyale fanka, ba ta da laifi. Mota a guje iska ta ishe ta. Ruwa ne ba ya tafiya."

Daga nan na fahimci cewa lokacin da zafin ke tashi shi ne rabin binciken. Wadda ke zafi a cunkoso ta huce in an samu hanya, a duba fanka da fis da na'urar da ke tayar da ita. Wadda ke zafi a guje ko a hawa ko da lodi, a nemi abin da ya tare ruwa: lagireto, famfo, ko tiyon ƙasa da ya yi laushi yake tsukewa in injin ya ɗau wuta. Wadda kuma ke shanye ruwa ba a ganin ɗigo a ƙasa, ita ce ake jin tsoron gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa.

Da gasket ɗin muka fara, don shi ne mai tsada, kuma an riga an fara raɗa mini cewa sai an sauke kan injin. Na bar motar ta kwana a wurinsa. Da sassafe, injin da sanyinsa, ya tayar da ita ya damƙi tiyon sama. In hayaƙin silinda na kutsawa cikin ruwa, tiyon yakan yi tauri nan da nan tun ruwa bai ɗumama ba, gorar kuma ta riƙa fitar da kumfa. Ba mu ga ko ɗaya ba. Bakin mai bai koma kalar madara ba, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi mai ɗorewa, fulogai huɗun nan kuma launinsu ɗaya, babu wanda tururi ya wanke ya yi fes. Ya ce kada kowa ya taɓa kan injin.

Sai ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Golf ba ta da murfi a kan lagireto, murfin yana kan gorar roba ce, kuma akwai ɗan siririn tiyo da ke dawo da ruwa cikinta ta sama. Ya buɗe murfin tun injin bai yi zafi ba, ya ce yaronsa ya taka totur, ni kuma in leƙa. A lafiyayyar mota ruwan yakan feso da ƙarfi, yana ƙaruwa in an ƙara wuta. Nawa ɗigowa yake yi, ya tsaya, ya sake ɗigowa. Muka zare tiyon muka hura, ba a toshe yake ba. Saura famfo.

Abin da ya sa ba wanda ya zarge shi a baya shi ne ba ya yoyo, ba ya ƙara, bel ɗinsa ma a ɗaure yake tamau. Da aka kwance shi Baba ya ɗora mini a tafin hannu. Fukafukan da ke tura ruwa tsatsa ta cinye su, sun koma 'yan guntaye masu kaifi, wani ma babu shi sam. A tsaye ɗan abin da yake turawa ya wadatar, a guje kuwa ya gaza.

Lagireton ma da nasa. Bayan an kashe injin an zare wayar fanka, don tana iya tashi da kanta ta sare yatsu, na bi fuskarsa da hannu: wani wuri ba ya taɓuwa, wani wuri ɗumi-ɗumi kawai. Mai wankin lagireto ya buɗe gefe, sai ga bututu da dama sun cushe da farin dutse, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Wannan aikin ruwan rijiya da na burtsatse ne da aka shekara da shekaru ana ɗura mata. Mutane na ɗauka ruwan kulan nan mai launi don hana daskarewa kawai aka yi shi, alhali a ƙasarmu babban amfaninsa maganin tsatsar da ke cikinsa ne. Toshewar ta yi yawa, sai na sayi wani lagireton.

Murfin gora shi ne mafi araha a duk abin da muka canza, kuma ban yarda a raina shi ba. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma in murfi ya riƙe matsin da ya kai "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Robar nawa ta tsattsage, ba ta riƙe komai.

Muka sa wani tamostat, bayan Baba ya jefa shi a tukunyar ruwa a kan risho mun ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. Rewaya ya mayar da fanka kan na'urarta. Aka wanke cikin injin har ruwa ya fito fari, aka zuba kulan rabi, tataccen ruwa rabi, aka bar ta tana aiki ana matsa tiyo har iskar da ta maƙale ta fita, fanka ta tashi ta mutu da kanta.

Na gwada ta da mutum huɗu da kaya zuwa Jos, ta hanyar Saminaka inda ake hawa. Allura ta ɗan gota 90 a hawan, ta dawo da aka miƙe. Yanzu kowace safiya kafin in tayar da ita nakan duba ruwan gora ko yana tsakanin layukan nan biyu, kuma Baba ya ce in kawo ta a sauya kulan ɗin bayan shekara biyu.