Duwatsu 23 a cikin kwali: inda na kai a hutun bana

'Yan uwa masu bin duwatsu, barkanmu da damina. Tun da aka rufe lakwal na tara duwatsu 23, amma 17 kaɗai zan iya rantsewa da inda na ɗauko su. Sauran shidan leda ɗaya na zuba su ranar farko, wai ai zan tuna. Ban tuna ba. Yanzu kowanne sai na liƙa masa lamba, in rubuta a kaye: wuri, rana, da kuma ko daga jikin fa na ɓalle shi ko a ƙasa na tsinta. Tsintacce ba a cika yarda da shi ba, ƙila ruwa ne ya jawo shi daga nesa.

Da duwatsun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, na fara, waɗanda muka tashi muna hawa muna zamiya a kansu. Granit ne, amma bayansa ba ya gaya maka komai, rana da ruwa sun dafe shi. Sai ka sa guduma ka fasa, ka duba sabon wurin. Nan za ka ga ma'adinai iri uku. Kwarz, mai kamar gilashi, yana karce kwalba. Feldspat, fari ko ja-ja, wuƙa ba ta kama shi. Sai mika, baƙi mai ƙyalli, wanda allura ke ɓare shi falle-falle. Na yi kwana uku ina rikita kwarz da farin feldspat kafin in lura cewa feldspat yana tsagewa sumul, yana walƙiya in ka juya shi a rana, kwarz kuwa fashewar kwalba yake yi. Ku sa tabarau in za ku fasa. Ɓarɓashi ya same ni ƙasan ido kaɗan, Allah ya kiyaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Granit ba shi da ƙofofi irin na yashi, sai a tsagoginsa da inda ya ruɓe ruwa ke samun wurin zama. Shi ya sa ake jawo wa Damagaram ruwa daga Gogo da Arunguza da Ganaram, shi ya sa muka girma da layin jarkoki. Ƙarancin ruwan nan na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Ashe dutsen da nake zamiya a kai ne ke tayar da ni da asuba neman ruwa.

Makon jiya mu uku muka kama hanyar Gure. Miriya ba mu daɗe ba, rake muka sha. A Gidimuni na kankaro farin gishirin da ke bakin tabki, na ɗanɗana, kanwa-kanwa yake. Wani dattijo mai lambu ya tsaya yana kallona ina cusa tsakuwa a aljihu.

"Yaro, zinariya kuke nema?"

"A'a Baba, karatu ne."

Ya yi dariya, ya nuna mana inda ake haƙar marmara, har na samo guda biyu masu jan tsatsa.

Gwajin ruwan tsami ne ya rage mini: dutse mai farar ƙasa yakan yi kumfa in tsami ya taɓa shi. Na ɗiga lemun tsami a kan duka 23 ɗin, babu wanda ya yi kumfa. Sai na nemo farar ƙasa in gwada a kanta tukuna, in tabbatar ba lemun ne ya gaza ba. Inna kuma ta ce kwalin ya bar ƙarƙashin gadonta kafin Juma'a.