Na sayi birkin tsere, man da ke ciki ya tafasa

Kuɗin da na daɗe ina tarawa na zuba a ƙafafun tsohuwar Mazda MX-5 ɗina: manyan faya-fayan birki, kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki) masu fistan huɗu, tiyo mai saƙar ƙarfe, da takalmin birki irin na tsere. Na ja kunnen masu garejin su zubar da tsohon man birki kaf. Suka ce an gama. Ashe iska kawai suka fitar, suka ƙara sabo a kan na da.

A filin tseren motoci na Brands Hatch da ke Kent ta Ingila asirinsu ya tonu. Gajeren zagayen da ake kira Indy mil 1.2 ne kacal, kwana na bin kwana, birki ba ya samun sararin hucewa. Ka gangaro kwanar Paddock Hill, ka hau tudu, sai ga Druids, kwanar da ke juya mota gaba ɗaya. Da safe lafiya lau. Bayan azahar, a bakin Druids ɗin nan, na taka birki sai feda ta nutse har ƙasa kamar soso. Ina famfo da ƙafa ina salati, har mota ta afka cikin tsakuwa ta tsaya. Allah ya rufa asiri ba kowa a gabana.

Man birki danshi yake sha. Irin wanda ake kira DOT 4 in sabo ne ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, amma in ya sha ruwa sai ta sauko 155. Da ya tafasa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsewa yake yi, ƙafarka ba ta tura komai. Man birki na tsere yana haura 300, kuma kuɗin kwalbarsa bai kai na kalifa ɗaya ba, ko kusa. Abin da ke ci min rai ke nan har yau.

Yanzu da hannuna nake canzawa, aboki na taka feda ina buɗe kusoshin fitar da mai, sai na ga mai garau yana fitowa. Kada ka ɗauki man DOT 5 a madadin DOT 5.1, shi DOT 5 ba ya haɗuwa da sauran. In ka fito daga fili da zafi kuma, kada ka ja birkin hannu, sa giya kawai.

Wani dattijo da ya taya ni tura motar ya leƙa ƙafafun ya ce faya-fayan kamfani ma da sun ishe ni, tunda motar ba nauyi. Ban tanka masa ba. Takalman tseren nan kuwa, in da sanyin safiya ne ba sa kamawa sosai, ga ƙara a kowace danja, har maƙwabta na tambaya ko motar lafiya.